RA'AYINMU: WA ZAI TACE MANA LITTATTAFAI?

Duk mai zaune a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu ya san yadda littattafan Hausa ke shigowa gidajenmu. Wasu fatake ne ke ƙunso su daga Kano, wasu kuwa yanzu ta wayar hannu suke zuwa. Galibinsu marubutan ne suka fitar da su da kansu. Saboda haka dattawa da yawa ke cewa a koma ga kamfanonin ɗab'i, wai su ne ke raba tsaba da tsakuwa.

Maganarsu da ƙamshin gaskiya. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kamfanin NNPC da aka kafa a Zariya a 1966 ya ɗora a kan wannan turba: edita ya duba, ya gyara ƙa'idar rubutu, sannan a buga.

Amma fa ƙofar ta yi ƙunci, domin kamfani ya fi ƙaunar littafin da makarantu za su saya. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, sai marubutan Kano, maza da mata, suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. An yi musu ba'a da sunan "adabin kasuwar Kano". Duk da haka, a cikinsu ne Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda aka buga fassararsa ta Turanci a ƙasar Indiya a 2012.

Mu da ke Kudu mun san irin wannan labari. Kafin yaƙin basasa na 1967, kasuwar Anaca ta shahara da ƙananan littattafai masu araha, cike da kurakurai, amma su suka saba wa dubban talakawa da karatu. A cikinsu har da na Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, wanda daga baya ya yi suna a duniya.

A ganinmu, hatimin kamfani ba shi ke sa littafi ya yi kyau ba. Abin da kamfani ya fi marubuci da shi shi ne edita, edita kuwa ana iya ɗaukarsa haya. Don haka muna kira ga marubuta da su ba masani ya duba musu aiki kafin su fitar da shi.

Iyaye kuma su tuna cewa yaran da aka haifa a nan daga waɗannan littattafai suke koyon rubutun Hausa. In an karkace, haka za su tashi da shi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowane magidanci ya karanta littafi kafin ya miƙa wa ɗansa. Allah ya sa mu dace.