Masu Hana Sabon Littafi

Ran da mutum ya gama ajin yaƙi da jahilci, aka miƙa masa takardar shaida, murna ta kan cika gida. Amma kafin mako ya kewayo sai wata tambaya ta taso wadda malamin aji bai amsa ba, watau, to, yanzu me zai karanta? Karatu kuwa kamar fartanya ya ke, kadan aka jingine ta damina guda sai tsatsa ta ci bakinta. Mutane da yawa sun koyi haɗa baƙi da wasali da wahala, bayan sun komo daga gona ko kasuwa a gajiye, sa'an nan shekara biyu ba ta cika ba karatun ya zube, don ba su sami abin da zai ja su zuwa shafi na gaba ba.

A daidai wannan lokaci ne sabon mai karatu ya kan faɗa hannun waɗansu masu ba da shawara. Ya sayo ɗan littafinsa a kasuwa, yana cikin bin layi da yatsa, sai wani mai ilmin boko ya karɓa, ya dubi bango, ya taɓe baki, ya ce wannan shirme ne, ai littafin Hausa ya ƙare tun ran da Abubakar Imam ya ajiye alƙalami. Ya ce a nemi Magana Jari Ce, a nemi Shaihu Umar. Ba ya kuwa shiga ɗaki ya ɗauko ya ba da aro, gama sau da yawa shi ma ba shi da su, rabonsa da su tun yana makarantar firamare. Mutumin nan sai ya koma gida da kunya, ya tura littafinsa ƙarƙashin tabarma. Bai sami tsohon ba, an raba shi da sabon. Da irin waɗannan masu shawara a ke magana a nan.

Ba mai hankalin da zai ce tsofaffin littattafan nan ba su da kyau. Amma ya kamata masu hani su tuna yadda aka same su. A cikin 1933 wani Bature, Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su rubuta labari da Hausar boko, aka sa gasa. Ya sha wahala kafin ya shawo kan malamai, domin a ganin yawancinsu ƙaga labari aikin tsofaffin mata ne da yara a dandali, bai kamaci mai ilmi ba. Daga cikin abin da aka aiko aka zaɓi biyar aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Abubakar Imam an haife shi a 1911, watau shekararsa 22 sa'ad da ya rubuta nasa. Tafawa Ɓalewa ma bai kai shi ba, a 1912 aka haife shi. Ashe dattawan da a ke tsorata mutane da sunansu yau, samari ne sa'ad da suka yi aikin, littattafansu kuwa su ne sababbin da manya suka yi wa kallon raini. Da an bi shawarar masu hani na wancan zamani, da masu hani na yanzu ba su da abin da za su ambata.

Laifin da a ke fara ɗora wa sababbin littattafai shi ne wai duk soyayya ce. To, Jiki Magayi fa, labarin mene ne? Saurayi ne ya ke son yarinya, attajiri ya zo da dukiya ya aure ta, saurayin ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi, har sharrin ya faɗa bisa ɗan da aka haifa, ya tashi ɓarawo. Wannan labari da yau aka buga shi a Kano da hoton budurwa a bango, da mai hanin nan ya taɓe masa baki bai buɗe ba. Sai kuma a ce sababbin marubuta aro su ke yi daga finafinan Indiya. Gaskiya ne waɗansu suna yi. Amma a 1936 da aka ɗauko Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina aka kawo shi Zariya, littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya aka tara masa, ya karanta, ya zaɓa, ya sa wa labarun riga da hula na ƙasar Hausa. Magana Jari Ce ke nan, littafi uku, waɗanda suka fito tsakanin 1937 da 1939. Dabarar akun da ke tsare yaro da labari don kada ya fita, daga Indiya asalinta ya ke, waɗansu labarun kuma daga Dare Dubu Da Ɗaya. Ba wanda ya zarge shi, don ya narkar da abin da ya aro har ba a ganin ɗinkin. Abin tambaya ga marubuci shi ne ko ya iya narkarwa, amma aro kam kowa ya yi. Masu cewa kuma littattafan da duk wa'azi ne, lalle sun manta da Ruwan Bagaja, inda Alhaji da Malam Zurƙe su ke yawo gari gari suna shirya wa juna makirci, mai karatu yana dariya.

Bambancin da ke akwai na gaskiya guda ne, kuma masu hani ba su cika faɗinsa ba. Littattafan da an tace su. Kowane ɗaya ya bi ta hannun mai gyara, wanda zai mai da wa marubuci takardunsa ya ce nan ya yi tsawo, nan Hausar ba ta zauna ba. Haka aka yi a Hukumar Talifi, haka a Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, haka a NORLA, hukumar da ta buga wa 'yan yaƙi da jahilci littattafai da jaridun larduna daga wajen 1954 zuwa 1959, haka kuma a kamfanin NNPC na Zariya da ya gaje su a 1966. Bayan tacewar mai gyara sai ta zamani ta biyo, gama littattafan da aka buga a shekarun nan ba duka a ke tunawa da su ba, marasa daɗin sun mutu shiru ba wanda ya yi makokinsu. Amma da tattalin arzikin Nijeriya ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya ga buga labaran Hausa, sai marubuta suka shiga kai rubutunsu wurin masu injin buga takardu da kuɗin aljihunsu, su kai wa 'yan kasuwa. Abin da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano ke nan. Ba mai gyara, ba mai cewa a'a. Saboda haka wanda ya ɗauki littattafai biyar na 1934 ya gwada su da tulin da ke kasuwa, ya gwada tsabar da aka sheƙe ne da damin da ba a ko sussuka ba, sa'an nan ya ce gonar bana ba ta yi ba.

Ƙaiƙayi kam akwai shi, kuma ba a ɓoye wa mai karatu. Akwai littafin da ba a bambanta ƙ da k ba a cikinsa, har mutum ya rasa ko ƙafa a ke nufi ko kafa, wannan kuwa cuta ce babba ga wanda jiya jiya ya koyi baƙaƙen nan da ƙyar. Akwai wanda labarin littafi ɗaya ne aka ja shi aka yanka huɗu don a karɓi kuɗi sau huɗu. Akwai wanda shafi goma sun tafi wajen lissafin motoci da kujerun gidan attajiri. Akwai na batsa, kuma tun da rubutu ya koma cikin wayar hannu, inda ba a ko biyan mai inji, irin wannan ya daɗa samun hanya. Duk an yarda. Amma me masu hani suka yi game da shi? A 2007 gwamnatin Kano ta lokacin ta tara littattafai aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata. Wuta ba ta karatu, ba ta san mai kyau da maras kyau ba. Marubuta ba su bar rubutu ba, masu karatu ba su bar nema ba, ba kuwa littafi ɗaya da wutar nan ta gyara wa ƙa'idar rubutu. Da kuɗin da ƙarfin da aka kashe wajen farautar littattafai an ɗauki masu gyara goma an zaunar da su, da an yi abin da East ya yi da ɗan ofishinsa a Zariya.

A cikin damin nan kuwa akwai tsaba, wadda mai hani bai gani ba don bai sussuka ba. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin 'yar Fulani da ta so wanda danginta ba su so. Kusan shekara hamsin ke nan bayan gasar farko kafin a ji muryar mace a cikin ƙagaggen labarin Hausa, gama marubuta biyar ɗin nan da waɗanda suka biyo su duk maza ne, matan da ke cikin littattafansu kuwa daga bakin zaure aka hango su. Sulaiman Ibrahim Katsina ya rubuta Turmin Danya bisa 'yan fasa-ƙwauri da masu ɗaure musu gindi, abin da ba zai yiwu a same shi a littafin 1934 ba. Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna, inda 'yar masu kuɗi ta so talaka, aka karanta shi har a ƙauyukan da jarida ba ta zuwa. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin Rabi, wadda mijinta ɗan kasuwa ya kore ta da 'ya'yanta saboda amarya, ta shiga sayar da abinci tana ciyar da su. A 2012 aka fassara shi da Turanci aka buga a ƙasar Indiya, watau baƙi sun ɗauki abin da waɗansu 'yan gida suka ce shara ne.

Akwai kuma wani littafin nata da ya kamata a tsaya bisa kansa, domin ya shafi mai karanta wannan shafi. Sunansa Wa Zai Auri Jahila? Yarinya ce, Abu, ubanta ya cire ta daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya yi karatu ya ce ba ya auren jahila, aka ɗaura mata aure da tsoho, ta gudu birni, ta koma neman ilmi da girmanta har ta tsaya da ƙafafunta. Ita marubuciyar ma an cire ta daga makaranta tana wajen shekara 13 aka yi mata aure. To, matar da ta zauna a ajin yamma da goyo a baya, ta fito da takardar shaida, wane littafi ne cikin biyar ɗin farko zai gaya mata labarin kanta kamar wannan? Wane ne kuma ya isa ya karɓe shi daga hannunta ya ce ta jira sai ta sami Ganɗoki?

Samarin da ke cewa littattafan da sun tsufa, Hausarsu ta yi wuya, su ma sun yi kuskure, sai dai nasu ya fi sauƙin magani. Wanda bai karanta Shaihu Umar ba ya rasa ganin yadda cinikin bayi ya ke raba uwa da ɗa, yadda uwar ta bi sawunsa ta ƙetare hamada har ƙasar Larabawa. Wanda bai karanta Magana Jari Ce ba bai ji iyakar abin da Hausa za ta iya ɗauka ba. Amma hanyar zuwa wurinsu ta kan bi ta cikin littafin da mutum ya fara so. Wanda ya gama ƙaramin littafin kasuwa da daɗi, idonsa ya saba, yatsansa ya bar bin layi, shi ne gobe zai iya zama da Waziri Aku har littafi na uku. Wanda aka kunyata a littafinsa na fari ba ya zuwa ko'ina.

Neman littafi mai kyau kuwa ba ya bukatar izinin kowa. Mai saye ya tsaya gaban mai sayarwa ya buɗe tsakiya, ba farko ba, don farko kowa ya kan yi ƙoƙari, ya karanta shafi biyu. Kadan kalmomin sun rabu daidai, ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ suna wurinsu, mutanen cikin labarin suna magana yadda mutane ke magana, kuma ya ji yana son sanin abin da ya faru bayan nan, to, ya saya. Kadan an rubuta na ɗaya a bango, ya tambayi ko nawa ne duka kafin ya ba da kuɗinsa. Wanda ya ce masa littafi ba shi da kyau, ya tambaye shi sunan mutum ɗaya da ke cikin labarin, nan zai gane ko ya karanta. 'Yan aji ɗaya kuma, kadan mutum goma suka sayi littafi goma dabam dabam suka riƙa musaya, kowa ya karanta goma da kuɗin ɗaya, a cikin goman a sa tsofaffi uku ko huɗu, a aiki mai zuwa Zariya ko Kano ya nemo. Mai hani kuwa, in da gaske ya ke yi, akwai aikin da ke jiransa: ya ɗauko Ruwan Bagaja nasa, in yana da shi, ya kai ajin yamma na unguwarsu, ya bar shi can.