"Agogo sarkin aiki": kirarin da ke ɓoye gajiyar ma'aikaci

Idan aka yi wa mutum kirari da "agogo sarkin aiki", ana nufin wanda ba ya zama, dare da rana yana kan aiki. Yabo ne, shi ya sa 'yan siyasa ke son ganinsa a ƙarƙashin hotonsu a fosta. Amma kirarin tsawon lokacin da mutum ya shafe a tsaye kawai yake aunawa, bai damu da abin da aikin ya haifar ba, balle halin da jikin mai aikin yake ciki. Waɗanda ya fi dacewa da su kuwa ba su da fosta. Yaron shago ne da ke ɗaga ƙofa da an sallame asuba, ba ya rufewa sai bayan isha'i, a tsaye yake cin abincin rana yana ba da canji. Direban tirela ne da ke tauna goro tsakanin Kano da Legas don kada barci ya sace shi. Sau da yawa maigida kan yi musu kirarin ne a madadin hutu ko ƙarin albashi.

Jiki kuwa yana biyan kuɗin wannan yabo. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa mutum 745,000 sun mutu a 2016 sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako. Mai irin wannan aiki, haɗarin shanyewar jikinsa ya ɗara na mai aikin sa'o'i 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. Japan, wadda duniya ke buga misali da himmar ma'aikatanta, sai da ta kafa doka a 2018 don ƙayyade aikin bayan lokaci, bayan mace-macen ma'aikata sun tayar da hankalin jama'a.

Wani zai ce ai lalaci ne ciwonmu, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Gaskiya ne, kuma ba na kiran kowa ya naɗe hannu. Sai dai manomin da ake kafa hujja da shi, shi ma da rana ta take yakan koma inuwa, kuma da an gama girbi yana samun sararawa. Wani kuma zai ce talauci ne ke hana hutu, wanda bai fita ba gidansa ba a ɗora tukunya. Wannan uzurin mai aikin kansa ne, bai wanke wanda ya ɗauki mutum aiki ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun sa'a ɗaya idan ya yi aikin sa'o'i 6 ko fiye, da cikakkiyar rana ɗaya a kowane mako, da aƙalla kwana 6 na hutu mai albashi bayan shekara. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, waɗanda ke iya rufe kasuwa ko tasha da sanarwa ɗaya, suna da ikon sa iyayen gida su bi wannan doka a kan yaran da ke ƙarƙashinsu.