Tauye Mudu A Ɗakin Jarrabawa

Masu iya magana na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban gane nauyin wannan karin magana ba sai lokacin da mu huɗu muka riƙa haɗuwa da yamma muna shirin jarrabawar GMAT, wadda manyan makarantun koyon kasuwanci na duniya ke nema daga mai son digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wato MBA. Ɗaya daga cikinmu zabiya ce mai raunin gani, sai ta kai fuskarta dab da allon kwamfuta kafin ta bambance 3 da 8. Ranar da ta ce za ta nemi a ƙara mata lokaci, wani abokinmu ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ke kam kin huta, kin samu satar amsa mai lasisi." Ta yi shiru. Ni ma na yi shiru, kuma bashin wannan shirun nake so in biya a nan.

Hujjar abokin nawa tana da farin jini domin tana kama da adalci: jarrabawa ɗaya, agogo ɗaya, kowa tasa ta fisshe shi. To, bari mu duba agogon. A tsarin da aka shigo da shi a 2023, GMAT tambayoyi 64 ne cikin sa'o'i biyu da minti 15, an kasa su kashi uku, kowane kashi minti 45. Kowace tambaya ke nan tana da minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Ni da nake da lafiyar ido, kallo ɗaya nake yi wa jadawalin alƙaluma in fara lissafi. Ita kuwa sai ta ƙara girman rubutu, jadawalin ya fi ƙarfin allo, ta bi shi layi-layi tana riƙe da abin da ya shige a ka. Kafin ta fara tunanin amsa, rabin lokacinta ya tafi wajen neman tambayar. Makin da za ta samu a haka makin idonta ne, alhali makarantar cewa ta yi basira take son aunawa. A kasuwa, wanda ya ce hatsi zai auna maka ya cika mudun da ƙaiƙayi, mun san sunan abin da ya aikata.

Wannan gardama ta daɗe a Amurka, inda jarrabawar ta samo asali. Dokar kare haƙƙin nakasassu ta ƙasar, ta 1990, ta wajabta wa masu shirya irin waɗannan jarrabawa su gudanar da su ta yadda mai nakasa zai iya zama. Sun bi dokar da hannun dama, suka karɓe da na hagu: duk wanda aka ƙara wa lokaci sai a yi wa sakamakonsa alama, a sanar da makarantu cewa an same shi ne a wani yanayi na musamman. Mark Breimhorst, mutumin da ba shi da hannaye, ya rubuta GMAT da ƙarin kashi 25 cikin ɗari na lokaci, aka yi wa makinsa wannan tambari. A 1999 ya maka hukumar ETS, mai gudanar da jarrabawar a wancan zamani, a kotu, kuma a 2001 ta amince ta daina. Sai da mutum marar hannaye ya je gaban alƙali kafin a bar zargin makinsa.

Ba zan ɓoye hujjar da ta fi ƙarfi a ɗaya ɓangaren ba, domin akwai masu ha'inci. A watan Maris na 2019 hukumomin Amurka suka bankaɗo badaƙalar Rick Singer, wanda ya riƙa karɓar kuɗin attajirai yana koya wa 'ya'yansu yadda za su yi ƙaryar matsalar koyo. Da sun sami ƙarin lokaci a jarrabawar SAT ko ACT, sai a kai su cibiyar da aka sayi mai sa ido, a gyara musu amsa. Jarumar fim Felicity Huffman ta biya dala 15,000 saboda 'yarta, aka yanke mata kwana 14 a gidan yari. An ce wake ɗaya ke ɓata gari, kuma lallai wannan waken ya ɓata. Sai dai mai hankali ya duba su wa suka aikata laifin: masu lafiya ne, masu kuɗi. Da wane lissafi za a ce makaho da kurma da zabiya su biya diyyarsa? Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Darasin da badaƙalar ta koya mini ma ya saɓa wa na abokina. Ƙofar ƙarin lokaci takarda ce, rahoton ƙwararren likita ko masanin halayyar ɗan Adam da ke tabbatar da lalurar da yadda take tauye mutum a jarrabawa. Attajiri na iya sayen rahoton ko da ɗansa garau yake, talaka kuwa na iya rasa shi ko da lalurarsa a fili take. Abokiyar karatunmu sai da ta yi sawu uku a wani asibiti kafin a rubuta mata abin da duk mai ido ke gani a fuskarta. Ina ga mai lalurar da ba a gani, irin yaron da haruffa ke rikiɗe masa, wanda aka yi ta kira daƙiƙi tun firamare ana bin sa da bulala? Shi ko sunan ciwonsa bai sani ba, balle ya nemi takardarsa. Rashin adalcin da ya kamata ya hana mu barci shi ne yawan masu haƙƙin da ba su taɓa isa bakin ƙofar ba.

Akan kuma ce duniyar kasuwanci ba ta jiran kowa, wanda bai iya sauri ba ya nemi wata sana'a. Na yarda akwai aikin da sauri ne ransa. Amma wane shugaban kamfani ne ake ba minti biyu ya yanke shawarar zuba jari, a hana shi tabarau, a hana shi mai karanta masa rahoto? Idan kuma an ce kowa zai ƙaru da ƙarin lokaci, to an amsa da baki cewa agogon yana ɓoye wani abu daga sanin kowa, kuma ya fi ɓoye na mai lalura. Wannan dalili ne na sake duba agogon gaba ɗaya.

Gyaran ba gagara-badau ba ne. A 2014 hukumar da ke shirya jarrabawar shiga makarantun lauya a Amurka ta yi sulhu da ma'aikatar shari'ar ƙasar, ta amince cewa wanda aka taɓa yi wa sassauci a wata babbar jarrabawa za a ba shi irinsa ba tare da sabon dogon bincike ba. Ya dace masu jarrabawar kasuwanci a ko'ina su riƙi wannan ƙa'ida, su kuma karɓi shaidar makarantun da ɗalibi ya fito. A nan gida Najeriya muna da dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, kuma hukumar JAMB tana ware cibiyoyi domin makafi. Saura jami'o'inmu su riƙa ajiye tarihin sassaucin da suka yi wa ɗalibi, su ba shi takardarsa kyauta ranar da zai karɓi shaidar digiri, makarantun kasuwancinmu masu tasu jarrabawar shiga su wallafa ƙa'idarsu a fili.

Har yanzu muna haɗuwa da abokin nan nawa, kuma na faɗa masa abin da na kasa faɗa ranar. Na roƙe shi ya ƙara girman rubutun kwamfutarsa har jadawali ya fi ƙarfin allo, ya saita agogo a minti 45, ya gwada kashi ɗaya tak. Ya ce zai gwada. Ina nan ina jiran makinsa.