Darajar Tsohon Kayan Kiɗa Tana Ga Shaidarsa

A Fabrairun 2024 aka tabbatar da cewa jitar bas ƙirar Höfner da aka sace wa Paul McCartney a Landan a 1972 ta koma hannunsa. Fam 30 ya saye ta a Hamburg a 1961. Wata jitarsa, ƙirar Yamaha, an yi gwanjonta dala 496,100 a 2021, domin akwai tabbacin hannun da ya kaɗa ta.

A nan gizo ke saƙa a wajenmu. Gangar noma ko garayar da makaɗi ya bari a Madobi ko Bunkure ba ta da takarda, magada kuma sukan bar ta ga gara. Ko kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos aka kawo, dillali sai ya nemi shaida kafin ya taya.