Ra'ayinmu: Kafin A Soke Libarba A Ƙugu

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a majalisun hira na Nima da Mamobi, musamman a bakin 'yan canji da fatake da dillalan shanu masu zirga-zirga tsakanin arewa da kasuwar Tulaku ta Ashaiman. Tambayar kuwa ita ce, wace ƙaramar bindiga ce ta fi dacewa mutum ya soke a ƙugu ya rufe da riga, domin kare kansa da dukiyarsa? Ba mu ga laifin masu tambayar ba ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa baro kasuwa bayan magariba da kuɗin mutane a jikinsa ya san irin faɗuwar gaban da ake yi idan babur ya rage gudu a bayansa.

Masu ilmin abin sukan raba ƙananan bindigogi gida biyu. Akwai libarba, mai ɗan ganga da ke juyawa, wadda galibi harsashi biyar ko shida take ci, ba ta da wuyar sarrafawa, kuma ba kasafai take cijewa ba. Akwai kuma fistol, wadda gidan harsashinta ke cikin mariƙi. Ita ta fi cin harsashi, ta fi kwanciya a jiki, amma tana bukatar horo sosai, don in ta cije a lokacin tashin hankali wanda bai saba da ita ba sai dai ya tsaya riƙe da ƙarfe. Sun kuma ce duk yadda bindiga ta ƙara ƙanƙanta haka take ƙara fizgar hannu, saiti ya yi wuya. Ke nan wadda ta fi daɗin ɓoyewa ita ce ta fi saurin kuskure.

To, amma wannan muhawara ta Amurkawa ce, waɗanda tsarin mulkinsu ya ba su 'yancin riƙe makami tun 1791. Tsarin mulkin Gana na 1992 bai ba kowa irin wannan 'yanci ba. A nan, mallakar bindiga alfarma ce da hukuma take bayarwa, ta kuma janye in ta ga dama. Dokar makamai ta 1962 da dokar soja ta 1972, tare da gyare-gyaren da aka yi daga baya, su ne suka shata iyaka. Mai son ƙaramar bindiga sai ya nemi izini daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, a binciki halinsa, 'yan sanda su yi wa bindigar rajista da sunansa, sannan ya riƙa sabunta lasin kowace shekara. Ko da lasin a hannu, doka ta hana nuna makami ko harba shi a bainar jama'a ba tare da izini ba. Wanda aka kama da bindiga babu hujja kuwa, dokar manyan laifuffuka ta 1960 ta sa laifinsa a sahun farko na masu nauyi.

Sai mu faɗa wa juna gaskiya. Mutum nawa ne a lungunanmu za su bi wannan doguwar hanya? Abin da ya fi kusa da hannun saurayin Zango shi ne bindigar maƙera, wadda ake ƙerawa a ɓoye, a sayar a ɓoye. Ba ta da lamba, babu wanda ya gwada ƙarfenta, tana iya tashi ba a taɓa kunama ba, tana kuma iya fashewa a hannun mai ita. Mai saye bai san hannu nawa ta bi ba kafin ta iso gare shi, bai san ko an taɓa yin fashi ko kisa da ita ba. Ranar da aka same ta a jikinsa, shi zai amsa tambayar duk abin da ta aikata. Wani bincike na 2014 ya ƙiyasta cewa akwai ƙananan makamai kimanin miliyan 2.3 a hannun farar hula a Gana, kuma kusan rabinsu ba su da rajista. Duk da wannan tarin ƙarfe ba mu ji an ce 'yan fashi sun tuba ba.

Mutanen Nima da Mamobi ba sa bukatar a ba su labari. Ranar 18 ga Janairu, 2022, ƙungiyoyin samari biyu suka gwabza a kan titi da rana tsaka, da adduna da bindigogi, 'yan kasuwa suka watse, hotunan suka zagaya duniya. Ko shakka babu, in da za a tambayi kowane ɗaya daga cikin waɗanda suka zaro bindiga a ranar, cewa zai yi don kare kai ya tanade ta. Haka abin yake farawa. Wannan ya saya don tsoron wancan, wancan ya ji labari shi ma ya saya, sai gardamar da a da za ta ƙare a gaban mai unguwa ko liman ta ƙare a asibiti.

A duba kuma yadda muke zaune. Gidan haya ɗaya, iyali goma, tsakar gida ɗaya, ɗakuna jere bango na jingine da bango, lungu ba ya wuce mutum biyu su gitta. Harsashin da ya kuskure ɓarawo ba daji zai faɗa ba, ɗakin maƙwabci zai shiga. Ina ma za a ajiye ta? Ƙarƙashin katifar da yara ke tsalle a kai? Sashe na 37 na dokar 1960 ya yarda mutum ya kare kansa da ƙarfin da ya dace, har da kisa in tura ta kai bango, amma alƙali ne zai auna ko ta kai ɗin, kuma harbin ɓarawon da ya riga ya juya baya yana gudu da wuya ya shiga wannan ma'auni.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan duka ci mana tuwo a ƙwarya. A watan Yuli na 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan Zangon Kumasi a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai sami shaidar da ta tabbatar da haka ba, har aka biya iyalansu diyya. Idan ana iya yi wa ɗan Zango irin wannan kallo alhali ba a tabbatar da komai a kansa ba, to, ina ga wanda aka laluba aka sami libarba marar takarda a ƙugunsa a shingen bincike cikin dare? Wa zai tsaya masa? Garin neman ƙiba sai a samo rama.

Saboda haka ra'ayinmu a fili yake. Wanda sana'arsa ta tilasta masa da gaske, ya bi ta ƙofa: izini tukuna, sannan saye daga dillali mai lasin, sannan horo a hannun ƙwararru, da akwatin ƙarfe mai makulli a gida. Sai bayan nan ne zancen libarba ko fistol yake da ma'ana. Sauran jama'a kuwa, mafi yawanmu ke nan, abin da ɓarawo ke bi shi ya kamata a raba da jiki. Tun 2009 ake aika kuɗi ta wayar hannu a ƙasar nan, bankuna kuma ga su a bakin titi. Dillalin da ya karɓi kuɗin shanu ta waya bai bar wa mai tare hanya abin kirki ba. A kuma daina tafiya ɗai-ɗai ranar Laraba in kasuwar Nima ta tashi.

Muna kira ga sarakunan Zango da limamai da su ɗauki maganar nan zuwa masallatai da wuraren suna da ɗaurin aure, su kuma haɗa kai da Hukumar Kula da Ƙananan Makamai, wadda dokar 2007 ta kafa, domin a samo hanyar da mai bindiga marar rajista zai miƙa ta cikin aminci. Ita kuma gwamnati ta sani cewa ba a hana mutum kare kansa sannan a bar shi a duhu. Muna son fitilu a lungunan da ke bin babban kwalbatin da ya ratsa Nima da Mamobi, muna son sintirin dare na 'yan sandan da suka san mutanen unguwa da sunayensu, muna kuma son wanda ya kai ƙarar fashi ofishin 'yan sanda a karɓe shi a matsayin mai ƙara, kada a fara tambayarsa inda ya sami kuɗin.