Zancen Kan Tabarma: Komar da Ba Ta Shiga Gado Ba

Ƴan uwa mata, wannan karon zancen namiji za mu yi. Kwana arba'in da ƴan kai ke nan da Allah ya yi wa mijin wata ƴar ƙungiyarmu ta Jiratawa rasuwa. Masunci ne a tafkin Madarunfa, kuma masu suyar kifi daga Jiratawa har cikin Maraɗi da "Baba mai kifi" suka san shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Su gadonsa ne. Tun kafin asuba yake hawa moto, ya je ya duba komar da ya shimfiɗa da marece, ya kwaso tarwaɗa da karfasa. Kafin hantsi kifi ya iso gari, don wadda ke wannan sana'a ta sani, rana na yin zafi riba ta fara wari. Da yawanmu a hannunsa muka fara ɗaukar kifi bashi, mu soya, mu biya da dare.

Ruwan da ya gada ba shi ya bari ba. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, ya ratsa ƙasar Madarunfa da Jiratawa da Maraɗi, ya wuce Tsibiri, kuma da damina kaɗai yake gudu. Tun da aka datse shi a Jibiya wajen 1990, tsofaffin fadama ke cewa ba ya malala kamar da. Ga kifin kwali na ƙanƙara ya cika kasuwa. Abokan sana'arsa da dama sun tafi cin rani, wasu sai shekara. Shi ya ƙi. In ruwa ya ja baya, sai ya koma garkar zogale, da marece yana gida yana tambayar ɗiyansa abin da aka koya musu a lakkol, mata da maza duka.

To, ga abin da ya sa muka ba shi shafin nan. Shekarun baya jirginsa ya ruɓe, koma ta yayyage. Uwargida ta ɗauki rance a asusu aka sayi sababbi, daga baya ta sake ɗauka aka ƙaro koma. Ranar zubi sai ga shi da ƙanensa da limamin unguwa. Ya tsaya nesa da tabarma, ya yi sallama, ya ce da shugaba: "Hajiya, jirgin nan da komar nan na uwargida ne, kuɗɗinta ne. Ni ɗan ƙwadago nake ciki. A rubuta." Aka yi ta dariya, wata ma ta ce Baba yau ka ɓata wa maza suna. Magatakarda dai ta rubuta a kaye, shaidu suka dangwala.

Ranar rabon gado aka ga amfanin wannan layi ɗaya. Malami ya fara da bashin mamaci, kamar yadda shari'a ta ce, sannan aka shiga ƙidayar abin da ya bari. Mace in mijinta ya bar ɗiya, tumuni take samu, kashi ɗaya cikin takwas, in da kishiya su raba shi. Da an lissafa jirgi da koma cikin dukiyarsa, da ta tashi da tumunin kayanta na kanta, alhali ragowar rance na wuyanta, akwati na jira. Aka kawo kaye, liman ya ce haka aka yi, ƙanen ya ce yana wurin. Ba wanda ya ɗaga murya.

Tun 1991 da CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar nan ta Maraɗi, rancen mata nawa ya zama takin gonar maigida, ko moton kabu-kabu, ko san noma? Kowace ƙungiya tana da labarin wadda ta biya bashin abin da dangi suka raba a gabanta. Mu ba mu ce dangin miji miyagu ne ba. Abin da suka tarar a hannun ɗan uwansu suke rabawa, kuma mace cikin takaba ba ta da bakin jayayya. A ganinmu, duk rancen da zai shiga sana'ar miji, ya zo da kansa ya faɗa gaban shaidu biyu kafin a buɗe akwati. Ƙungiyoyin Tsibiri da na Maraɗi, ku tattauna wannan a zamanku na gaba.

Ƴar uwarmu na takaba, wata huɗu da kwana goma, ba za ta zo zubi ba. An yanke cewa ma'ajiya za ta riƙa zuwa gida ta karɓa, babu tara. Babban ɗanta ya ɗauki koma ya koma tafki, don haka masu suya ku saya a hannunsa, kuɗi hannu in da hali. Waɗanda kuma Baba ke bi bashin kifi, kun san kanku. Kuɗin magada ne yanzu, akwai marayu ciki. A kai wa liman kafin Juma'a mai zuwa.