ZUMA WARAKA CE, AMMA BA GA JARIRI BA



Magidanta da iyaye mata masu albarka, maganar yau za ta zo wa wasunku banbaraƙwai, tunda daga bakin mai harkar zuma ta fito. Amma amana ce: yaron da bai cika shekara ɗaya ba, kada a ba shi zuma. Ko a jiƙo, ko a ruwan rubutu, ko lakata a yatsa.

Na san za ka ce, "Malam, ashe ba a Suratun Nahli Allah Ya ambaci warakar da ke cikin zuma ba?" Haka ne, babu musu. Sai dai kowane magani da lokacinsa da wanda ya dace da shi. Nama halal ne, amma wa ke ba ɗan kwana bakwai tsire?

Ga dalili. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa da ƙura, wadda akan samu irinta a cikin zuma. Likitoci na kiran ciwon da take jawowa botulizim. Ni da kai in mun sha, hanjinmu ya ƙosa, sai ta wuce ba ta yi komai ba. Shi kuwa jariri hanjinsa bai yi ƙwari ba, sai ta tsiro a ciki, ta saki dafi mai kashe ƙarfin jiki. Ba maganar zumar jabu ake ba, ko farar saƙa ce tana iya ɗauke da ita, kuma tafasawa irin ta gida ba ta kashe ta.

Alamominta: yaro ya daina kashi, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya yi ƙasa-ƙasa, wuya ya saki, fatar ido ta sauko. In kin ga haka, kada a tsaya cewa iska ce ko kambun baka. Ana addu'a ana tafiya asibiti, domin dafin kan kai ga numfashi.

To, tahniki fa? Abin da ya tabbata daga Manzon Allah (SAW) dabino ne. Da Asma'u 'yar Abubakar ta kawo masa Abdullahi ɗan Zubairu, dabino ya tauna ya shafa masa a ganɗa. Haka ya yi wa ɗan Abu Ɗalha da Anas ya kawo. Gaskiya ne wasu malamai sun ce in babu dabino a nemi wani abu mai zaƙi, har sun ambaci zuma. Wannan ijtihadinsu ne, Allah Ya saka masu, a zamanin da ba a gano wannan cutar ba. Yau an gano, kuma shari'a ta ginu a kan kawar da cuta. Dabino kuwa wace kasuwa ce babu shi? A shafa ɗan kaɗan, sau ɗaya, da hannu mai tsabta. Mai mura ko ciwon baki ya bar wa wani.

Zumar jariri na ƙirjin uwarsa. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da wasu ke matsewa su zubar, shi ne garkuwarsa ta farko, a ba shi tun sa'ar da aka haife shi. Wata 6 na farko nono zalla, ko ana zafin bazara, domin mafi yawan nono ruwa ne. Daga wata 6 a fara kunu mai kauri da gyaɗa ko waken suya, da ƙwai, da garin zogale, ana ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2. In ana son zaƙi, a dama masa ayaba.

Kai kuma maigida, aya ta 233 a Suratul Baƙara a wuyanka ta ɗora ciyar da mai shayarwa. Zumar da ka sayo, ba mai jego ta sha a kunun kanwa, ba ta cutar da yaron ta nono. In Hajiya kaka ta ɗauko kwalba, kada ka bar matarka da jan magana da surukarta. Kai za ka zauna da mahaifiyarka, cikin ladabi, ka yi mata bayani. Ranar da jikanta ya cika shekara, ita za ta fara lasa masa.

Allah Ya raya mana zuri'a bisa sunna. A tura wa duk gidan da ake da goyo.

Wallahu a'alam.